Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Shawara Ga Mai Son Sayen Kyamara

Akwai wata tambaya da malaman makaranta da akawunan ofis su ke yawan yi, musamman waɗanda a kan ɗora wa aikin ɗaukar hoto ran rabon kyauta ko ran taro. Tambayar ita ce, in mutum ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi ƙaramar kyamara, irin wadda ta ke shiga aljihun riga, wacce ya kamata ya ɗauka? Iri biyu ne su ke takara. Akwai mai jawo nesa, wadda gilashinta ya ke miƙewa har ta kawo maka tsuntsun da ke kan rimi kamar a tafin hannu. Akwai kuma mai babban allon haske, wadda ba ta hangen nesa sosai, amma hotonta ya kan fita tas ko da a cikin ɗaki ne. Mai kanti ya kan fara miƙa maka ta farkon, don ita ce ke da abin mamaki. Mu kuwa ra'ayinmu shi ne, ga yawancin masu karanta wannan shafi, ta biyun ta fi amfani, kuma za mu faɗi dalilanmu.

Maganar tana da nauyi fiye da yadda ta ke a da. Bisa lissafin ƙungiyar masu ƙera kyamara ta ƙasar Jafan, a shekarar 2010 an fitar da kyamarori masu gilashi a manne fiye da miliyan ɗari, amma a 2023 ba su kai miliyan biyu ba. Wayar hannu ce ta cinye kasuwar. Saboda haka ire-iren da su ka rage kaɗan ne, kuma ba su da araha. Wanda ya yi kuskuren zaɓe ya zubar da guminsa na wata da watanni, in kuwa kuɗin makaranta ne ko na hukuma, to ya zubar da na jama'a.

Bari mu fara da abin da ba a gani. A bayan gilashin kowace kyamara ta zamani akwai wani ɗan allo, wanda masu sana'ar ke kira sensa. Shi ne ya maye gurbin fim na da. Haske ya kan ratsa gilashi ya sauka a kansa, shi kuma ya mai da shi hoto. Misalinsa kamar tarar ruwan sama ne. Wanda ya ajiye masaki da wanda ya ajiye ƙoƙo, in an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, duk za su sami abin sha. In yayyafi a ke yi kuwa, mai ƙoƙo sai ya tashi da danshi kawai. Rana tsaka a fili ita ce ruwa mai ƙarfi. Cikin aji, da zauren taro, da bayan magariba, su ne yayyafi, gama hasken rana a fili ya ninka na cikin ɗaki fiye da sau ɗari.

Ga lissafin, tun da da malamai mu ke magana. Allon da ke cikin yawancin kyamarori masu jawo nesa, tsawonsa wajen milimita 6 ne, faɗinsa wajen 4 da rabi, watau murabba'in milimita 28, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Allon da a ke kira mai inci ɗaya, wanda kamfanin Sony ya sa cikin kyamarar aljihu mai suna RX100 a 2012, milimita 13.2 ne da 8.8, watau murabba'i 116. Ya ninka na farko sau huɗu ke nan. Akwai kuma wanda ya fi wannan, a ke ce masa APS-C, irin na cikin Ricoh GR III ta 2019 da Fujifilm X100VI ta 2024, wanda ya ninka ƙaramin wajen sau goma sha uku.

A nan ne mutane da yawa su ke ruɗewa, don za su ga an rubuta megafiksel 20 a jikin kwali biyu, sai su ɗauka kyamarorin ɗaya ne. Megafiksel ƙidayar ɗigogin da ke kan allo ce kawai, ɗaya yana daidai da ɗigo miliyan. In aka raba gona kadada ɗaya ga mutum ashirin, aka raba mai kadada huɗu ga wasu ashirin, yawan magada ɗaya ne, amma rabo ya bambanta. Ɗigon da ke kan ƙaramin allo ɗan haske kaɗan ya ke samu, sai kyamara ta ƙara masa ƙarfi da lantarki, daga nan kuwa hoto ya kan fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. In ta yi ƙoƙarin share tsakin, sai fuskoki su yi sumul kamar na kakin zuma, rubutun da ke kan allon aji kuma ya narke.

Sai maganar lambar da a ke rubutawa da manyan baƙaƙe, sau 30 ko sau 40. Wannan lamba raba lissafi ce. An ɗauki mafi tsawon miƙewar gilashi an raba da mafi gajarta. Canon PowerShot SX740 ta 2018 tana tashi daga milimita 24 zuwa 960 bisa ma'aunin fim na da, 960 a raba da 24 kuwa 40 ne. Lambar ba ta ce kome ba game da kyaun hoto. Abin da mai kanti ba ya faɗi shi ne, ƙanƙantar allo ita ce ta ba da damar wannan nisa. Ainihin tsawon gilashin wannan kyamara milimita 172 ne a ƙarshensa. Da allonta mai inci ɗaya ne, da sai an yi mata gilashin da ya wuce milimita 350 kafin ta kai wannan nisa, ka ga batun shiga aljihu ya ƙare. Dubi Sony RX10 IV ta 2017, mai allon inci ɗaya, iyakarta milimita 600, amma nauyinta ya wuce kilo guda. Taura biyu ba ta taunuwa. Wannan hukuncin haske da gilashi ne, kuma babu kamfanin da ya tsallake shi.

Don a ga bambancin sarai, mu gwada kyamara biyu na gida ɗaya. Ga SX740 da mu ka ambata, ga kuma Canon G7 X Mark III ta 2019, mai allon inci ɗaya, wadda iyakarta milimita 100. Dukansu megafiksel 20 ne. Ƙofar da haske ke shiga ta cikin gilashi a na auna ta da wata lamba, kuma ƙanƙantar lambar ita ce faɗin ƙofar. Ta G7 X tana buɗewa har 1.8, ta SX740 kuwa 3.3. Bisa lissafi, wannan ya ninka ƙarfin haske fiye da sau uku. In aka haɗa da allo mai ninki huɗu, sai a ga a ƙiftawa ɗaya G7 X ta tara haske fiye da sau goma sha biyu bisa 'yar'uwarta. In kuwa aka miƙe gilashin SX740 har ƙarshe, ƙofarta ta kan tsuke zuwa 6.9, watau hasken ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na inda ta fara.

To, malam, ina ka ke ɗaukar hotunanka? Yara a cikin aji suna gwajin kimiyya. Shugaban makaranta yana miƙa kyauta a zaure. 'Yan majalisa a kewaye da tebur. Rufin da ya yoye, da benci da ya karye, waɗanda za a lika hotonsu a jikin rahoto. Takardar da a ke son ajiye kwafinta. A gida kuma suna, da ɗaurin aure, da hoton tsoho a zaurensa. Kusan duk waɗannan a inuwa a ke yinsu, kuma tsakaninka da su bai wuce taku goma ba. Nisan milimita 960 ba shi da aikin yi a nan. Abin da a ke bukata shi ne kyamarar da za ta kama yaron da ba ya zama wuri ɗaya ba tare da hannunsa ya zama hayaƙi ba, kuma ba tare da an dalle masa ido da filasha ba.

Ko a fili ma, jawo nesa yana da nasa haraji. Gilashi in ya jawo abu sau arba'in, ya jawo rawar hannunka sau arba'in. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce, a milimita 1,000 sai ƙiftawar kyamara ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa kafin hoto ya tsaya. Kyamarorin yanzu suna da na'urar rage rawa, tana kuwa taimako ƙwarai, amma hannunka kaɗai ta ke gyarawa, ba ta tsai da dokin da ke sukuwa. Sa'an nan ga iskar da ke tsakaninka da abin. A lokacin hunturu hazo ya kan dusashe duk abin da ke nesa, da bazara kuma zafin ƙasa ya kan sa iska ta yi ta kaɗawa, har hoton ya fito a murguɗe. Babu gilashin da ke maganin wannan.

Akwai kuma wata dabara da ba kowa ya lura da ita ba. Hoton da aka ɗauka da babban allo a na iya yanke tsakiyarsa. In ka ɗauka a milimita 100, ka yanke rabin tsawo da rabin faɗi, ka sami abin da milimita 200 za ta ba ka, da megafiksel 5, wanda ya isa a wanke hoto mai inci tara da shida. Gutsuren allon da ka yi amfani da shi kuwa girmansa kusan ɗaya ne da dukan allon mai jawo nesa. Ashe har zuwa wannan iyaka hasararka kaɗan ce.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole mu saurari masu ɗaya ra'ayin, don suna da hujja mai ƙarfi. Suna cewa, ai hoton kusa waya tana yinsa, abin da ta kasa shi ne nesa, don haka in za a sayi kyamara sai a sayi wadda ta ke yin abin da waya ba ta yi. Mun yarda da rabin wannan magana. Wanda burinsa giwayen Yankari ne, ko tsuntsayen fadamar Haɗeja da Nguru, ko masunta a tsakiyar ruwa ran bikin Argungu, ko mahaya ran Hawan Daushe alhali yana can bayan taro, to mai jawo nesa ita ce tasa, kuma babu yankan hoton da zai kai shi inda ta kai. Malamin da ke koyar da ilmin halittu ma yana da dalili. Duk waɗannan da rana a ke yinsu, kuma ba a iya matsawa kusa. Har akwai manya irin Nikon P1000 ta 2018, mai ninki 125, wadda ke nuna ramukan da ke jikin wata, sai dai nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi. Ga kuma sauƙin kuɗi, don lokacin da su ka fito a Amurka SX740 wajen dala 400 ce, G7 X Mark III kuwa wajen dala 750.

Inda mu ka rabu da su shi ne cewa waya ta gama da hoton kusa. Yawancin wayoyin da ke hannun jama'a allonsu ƙarami ne. In haske ya yi ƙaranci, waya ta kan ɗauki hotuna da yawa a jere ta haɗa su wuri ɗaya. Dabarar tana ci ga gini ko kwanon abinci, amma ga yara masu motsi ta kan ba da kunya. Wanda ya sayi mai jawo nesa don aikin aji, ya sayi kyamarar da a cikin ɗaki da ƙyar za ta kamo wayarsa, wani lokaci ma wayar ta fi ta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma shi wannan bai sani ba, don ba a gaya masa ba.

Akwai hanyar tsakiya ga wanda aikinsa ya haɗa biyun. Panasonic TZ200 ta 2018 tana da allon inci ɗaya, tana kaiwa milimita 360. Sony RX100 VII ta 2019 tana kaiwa 200. Amma a sani, abin da su ka samu na nisa sun biya shi da tsukewar ƙofar haske, ta Sony kuma tana da tsada. Su kuwa masu allon APS-C da mu ka ambata, hotonsu ya fi na sauran, sai dai gilashinsu ba ya miƙewa ko kaɗan, ƙafarka ce za ta kai ka kusa. Sun dace da wanda ya riga ya goge, ba mu ba sabon shiga shawarar farawa da su ba.

Shawararmu ta ƙarshe mai sauƙi ce, kuma ba ta cin ko kwabo. Kafin ka je kanti, buɗe wayarka ka duba hotuna ɗari na baya-bayan nan. Ka ware waɗanda su ka ɓaci. Ka ƙidaya nawa ne su ka ɓaci don abin ya yi nisa, nawa ne kuma don duhu ko motsi. Ɓangaren da ya rinjaya shi zai gaya maka abin da za ka saya. In ka isa kanti, kada ka tsaya ga hangen hasumiyar da ke ƙarshen titi, ko da mai kanti ya nace. Ka shiga can ƙuryar kantin, ka sa yaronsa ya yi tafiya a gabanka, ka ɗauke shi da kowacce, sa'an nan ka buɗa hoton ka dubi idonsa. Ka tambayi kuɗin batir na biyu, ka kuma tanadi jaka mai rufi, gama ƙura ita ce babbar abokiyar gābar gilashin da ke fita yana komawa.

Ga shugabannin makarantu da magatakarda waɗanda ke sa hannu a takardar sayen kaya, muna roƙo kada a sa hannu don girman lambar da ke jikin kwali. A tambayi mai buƙatar kyamarar aikin da za ta yi, a ina, da kuma wane lokaci. Hotunan da a ke ɗauka a aji da zaure yau su ne tarihin makaranta nan da shekara talatin, kuma waɗanda za su zo dubawa fuskokin iyayensu da malamansu za su nema. Ya kamata su same su a fili.