Bayan Rasuwar Ozzy Osbourne, Wa Zai Gaji Dandalin Kiɗan Rok?

A ranar 5 ga Yulin 2025, sama da mutum dubu 40 suka cika filin wasa na Villa Park da ke Birmingham a Ingila domin sallamar ƙungiyar makaɗa ta Black Sabbath, wadda masana ke ɗauka a matsayin tushen kiɗan metal, wato reshen kiɗan rok mai tsananin amon gita da ganga. Mutum huɗun da suka kafa ta a 1968, Ozzy Osbourne da Tony Iommi da Geezer Butler da Bill Ward, sun sake haɗuwa a dandamali guda. Osbourne ya yi waƙa a zaune bisa kujera saboda cutar karkarwar jiki ta Parkinson ta hana shi tsayuwa. Kwana 17 bayan haka ya rasu yana da shekara 76.

Wannan rasuwa ta fito da tambayar da masu shirya bukukuwan kiɗa a Turai da Amurka suka daɗe suna kauce wa: idan dattawan da ke cika filaye suka ƙare, wa zai hau gurbinsu?

Alamun sun jima da bayyana. Ƙungiyar Motörhead ta watse bayan rasuwar jagoranta Lemmy a Disambar 2015. Rolling Stones, wadda aka kafa a 1962, ta rasa mai gangarta Charlie Watts a 2021, mawaƙinta Mick Jagger kuwa an haife shi a 1943. Aerosmith ta daina yawon wasa a Agustan 2024 saboda raunin da Steven Tyler ya samu a maƙogwaro. A Disambar shekarar ce kuma mai gangar Iron Maiden, Nicko McBrain, ya ajiye tafiye-tafiye. Hatta Metallica, da ake wa kallon ƙanwa a cikin wannan zuriya, an kafa ta ne a 1981, kuma 'ya'yanta duk sun haura shekara 60.

Duk da haka, waɗannan sunaye ne manyan bukukuwa irin su Download na Ingila, da Wacken na Jamus, da Hellfest na Faransa suka fi dogara da su wajen sayar da tikiti. Dalilinsu a fili yake. Kuɗin shirya biki na kwana uku ko huɗu ya yi tashin gwauron zabo, kuma mai zuba jari yana son tabbaci. Tsohon suna yana jawo magidanta masu abin hannu, waɗanda suka tashi da waƙoƙin tun suna samari. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu wannan ra'ayi, kuma babu laifi a girmama mutanen da suka gina sana'ar. Sai dai hanyar da ke kawo riba a bana ita ce ke toshe ribar shekara 10 masu zuwa, domin dandalin da ba ya ba matasa wuri ba zai samu dattawan gobe ba.

Tarihin dattawan kansu ya isa hujja. A 1985 Metallica ta yi wasa a bikin Monsters of Rock da ke Donington da rana tsaka, tana can ƙasa a jerin makaɗa. A 1986 Osbourne ya ɗauke ta tana buɗe masa taro a yawon da ya yi a Amurka. Sai a 1995 aka ba ta rufe bikin na Donington. Haka Slipknot ta fara daga ƙaramin dandamali a bikin Ozzfest na 1999, wanda Osbourne da matarsa Sharon suka ƙirƙiro, kafin ta rufe dare a Download a 2009. A kowane misali an samu babba da ya riƙe hannun ƙarami, an kuma samu mai shirya biki da ya yi kasadar ba shi dama, sannan aka yi haƙurin shekara 10.

Masu cewa babu magada sun yi gaggawar yanke hukunci. Ƙungiyar Gojira ta Faransa ta yi wasa a bikin buɗe gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024, a gaban idon duniya. A Mayun 2025 kundin waƙoƙin Ghost ta Suwidin da na Sleep Token ta Ingila kowanne ya hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin Amurka. Download ta ba Sleep Token rufe dare a 2025, shekara 9 kacal da kafuwarta, alhali Bring Me the Horizon ta jira shekara 19 kafin ta samu wannan matsayi a 2023. Baiwa tana nan, masu sauraro ma suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsanin da ake hawa daga ƙasa zuwa sama.

Matakin farko na wannan tsani shi ne ƙananan gidajen wasa masu ɗaukar mutum 100 ko 300, inda sabon makaɗi ke koyon riƙe jama'a, ya yi kuskure ya gyara. Su ne ke mutuwa. Ƙungiyar Music Venue Trust ta bayyana cewa irin waɗannan wurare 125 ne suka rufe ko suka daina shirya kiɗa a Birtaniya a 2023 kaɗai, saboda tsadar haya da wutar lantarki. Gidan The Crown na Birmingham, inda Black Sabbath ta yi wasanninta na farko, yana rufe tun 2014. An sanya ginin cikin kayan tarihi a 2024, amma babu wani saurayi da ke kiɗa a cikinsa. Ga kuma sauraron waƙa ta intanet, wanda ke biyan sabon mawaƙi abin da bai taka kara ya karya ba, ya kuma rarraba masu sauraro gida-gida ta yadda da wuya suna guda ya game ƙasa kamar dā.

Wasu sun zaɓi wata mafita. A wasanta na ƙarshe a birnin New York a Disambar 2023, ƙungiyar Kiss ta gabatar da surorin 'ya'yanta da aka ƙera da kwamfuta, waɗanda aka ce za su ci gaba da wasa a madadinsu, irin abin da ABBA ke yi a Landan tun 2022. Wannan dabara za ta iya kawo kuɗi, amma hoto ba ya tsufa balle ya sauka ya ba wani wuri, ba ya kuma ɗaukar almajiri. Sana'ar da ta koma wa hotunan magabata ta yarda ke nan ta zama gidan adana kayan tarihi.

Mafitar da ta fi ma'ana ita ce wadda kwamitin al'adu na Majalisar Dokokin Birtaniya ya ba da shawara a Mayun 2024: a cire wani ɗan kaso daga kowane tikitin manyan filaye a mayar wa ƙananan wurare. An fi maganar fam 1 a kan kowane tikiti, bisa son rai. Coldplay ta yi alƙawarin ba da kashi 10 cikin 100 na abin da ta samu a wasanninta na Wembley da Hull a 2025. Wannan abin yabo ne, amma tsarin da ya rataya a kan alherin mutum ɗaya ko biyu ba ya ɗorewa. Idan manyan kamfanonin shirya wasa suka yi ta jan ƙafa, ya dace hukuma ta mayar da kason doka.

Sauran nauyin yana kan masu shirya bukukuwa da dattawan da suka rage. Kowane babban biki ya kamata ya ware dare guda ga ƙungiyar da ba ta taɓa rufe taro ba, ko da cinikin shekarar zai ɗan ragu. Kowace tsohuwar ƙungiya da ke yawon ban kwana ta ɗauki sabbin makaɗa su buɗe mata, kamar yadda Osbourne ya yi wa Metallica a 1986. Shekara 39 bayan haka, Metallica na cikin waɗanda suka tsaya a Villa Park suna yi masa sallama.