Wa Ke Biyan Kuɗin Dauriyar Soja?

"Ai shi ya zaɓi kaki." Da wannan ake rufe bakin duk wanda ya ce sojan da ya dawo daga Sambisa ko bakin Tafkin Chadi yana buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa. Wai da dauriya aka san namiji. In barci ya ƙaurace masa ya riƙe addu'a, in ya fara zabura a kira mai ruƙiyya. Hukuma ce kaɗai ke cin ribar wannan magana, domin shirun soja ba ya cin kasafin kuɗi.

Tun 2009 ake wannan yaƙi. A watan Agustan 2018 sojoji suka yi ta harbi sama a filin jirgin Maiduguri, suna cewa sun yi shekara da shekaru a fagen daga ba a canje su ba. A 2020, a Malam Fatori, wani kofur ya harbe abokan aikinsa huɗu, sannan ya kashe kansa. A 2023 aka ga irin haka a Rabah ta Sakkwato. Kowane karo sai a ce za a yi bincike, ƙura ta lafa.

Waɗannan su ne suka kai ga jarida. Sauran a bariki suke, kuma matansu ne ke jinya. Maigida ya dawo da ƙafafunsa biyu, dangi sun yi barka, amma ƙarar murfin tukunya na sa shi neman bindiga. Yara sun koyi tafiya da sanɗa. Wani ya koma wa tiramol. In matar ta kai ƙara gida, a ce, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, aure ibada ne." Shi kuwa ba zai je asibiti ba, don kada a rubuta masa taɓin hankali a fayil, ƙarin girma ya wuce shi.

Ban raina addu'a ba. Amma wanda harsashi ya fasa wa cinya, ana yi masa addu'a ne a kan gadon asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna, ba wanda ke ce masa ya daure ya koma gida. Don me raunin da ba ya jini zai zama abin kunya?

A ƙayyade wa'adin zama a fagen daga, kuma a cika shi. Duk bataliyar da ta dawo, likita ya zauna da kowa, daga kwamanda har kurtu, don kada a nuna wani da yatsa. A kuma saurari matan, domin su ke kwana da abin da janar-janar ba sa gani a fareti.