Gyaran Jijiya a Jikin Ɓera: Abin Murna Ne, Amma Ba Na Zaman Jira Ba

Jijiya iri-iri ce. Akwai ta jini, akwai kuma wadda ke ɗauko saƙo daga laka zuwa hannu da ƙafa, ita ke sa mu ji taɓi, mu motsa yatsu. A kan ta biyun zan yi magana. Mu ma'aikatan ɗakin haihuwa mun san rauninta: jaririn da kafaɗarsa ta maƙale, ya fito hannu ɗaya a sake, ko matar da ta sha doguwar naƙuda ta tashi tana jan ƙafa.

Irin wannan jijiya in ta tsinke tana tofowa, amma tafiyar hawainiya take yi, kusan milimita 1 a rana. Idan giɓin ya yi faɗi, sai ta rasa hanya. Har yanzu abin da likitocin tiyata suka fi dogara da shi shi ne su yanko wata jijiya daga bayan ƙwauri su yi dashe da ita, gefen ƙafar da aka yanko kuwa yakan daina jin taɓi.

Don kauce wa haka masana ke gwada zaren nano, wani zaren roba da ya fi gashin kai siranta sau ɗari ko fiye. Ana jera shi cikin ɗan bututu, a haɗa bakin jijiyar biyu, sai ta bi shi kamar yadda kabewa ke bin danga. A shekarar 2008, masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Jojiya da ke Amurka sun nuna jijiyar ƙafar ɓera ta ƙetare giɓin milimita 17 ta wannan hanya. Abin sha'awa, sai da zaren ya fuskanci waje guda aikin ya yi kyau. Wanda aka zuba a hargitse bai taɓuka abin kirki ba.

Na yi murna da wannan, amma ɓera ba mutum ba ne. Ƙafarsa gajeruwa ce, jijiyarsa kuma ta fi tamu saurin warkewa. A jikin mutum, tsokar da ta shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi babu saƙon jijiya takan motse, ko jijiyar ta iso daga baya da wuya ta farfaɗo. Saboda haka a ganina lokaci ya fi kowane sabon zare muhimmanci. Wanda kuma ya tallata muku kwalba ya ce maganin nano ne mai haɗa jijiya, ku riƙe kuɗinku.

Iyaye mata, in kun ga hannun jariri ba ya motsi, kada a kai shi wurin mai ɗori a ja. A kawo shi asibiti a duba, a fara gashi da motsa gaɓoɓi. Yawancinsu suna warkewa, da yardar Allah. Amma idan ya kai wata 3 bai iya lanƙwasa gwiwar hannu ba, ku nemi a haɗa ku da likitan tiyata.