Ra'ayinmu: Yitang Zhang da ma'aunin malamin jami'a

A watan Afrilun 2013 mujallar Annals of Mathematics ta karɓi takarda daga wani lakcara na Jami'ar New Hampshire ta Amurka, wanda ko a cikin masana lissafi ba kowa ya san sunansa ba. Yitang Zhang, haifaffen Shanghai, yana da shekara 58 a lokacin. Tun da ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Purdue a 1991 ya nemi aikin jami'a ya rasa, har ya yi aiki a wani shagon abinci a Kentucky, sai a 1999 ya samu gurbin koyarwa.

Takardar ta shafi lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu. Wasunsu kan zo tagwaye, biyu kacal a tsakani: 11 da 13, 17 da 19, 41 da 43. An daɗe ana zaton tagwayen ba su da ƙarshe, amma hujja ta gagara. Zhang bai warware wannan ba. Abin da ya tabbatar shi ne, komai nisan ƙirge, za a ci gaba da samun irin waɗannan lambobi biyu da tazararsu ba ta kai miliyan 70 ba. Adadin ya yi yawa, amma kafinsa babu wanda ya iya kafa wata iyaka ko kaɗan. Ƙofa na buɗewa James Maynard ya sauko da ita zuwa 600, aikin gayya da Terence Tao ya jagoranta ya kai ta 246 a 2014.

Masu sukar ƙirgen takardu wajen ƙarin girma, al'adar da jami'o'inmu ma suka rungume, suna kafa hujja da Zhang, kuma da gaskiyarsu. Mutumin da ya shafe sama da shekara ashirin kusan bai wallafa komai ba, da ƙyar wani kwamiti zai kalle shi.

Sai dai ɗaya ɓangaren ma ba maganar banza yake yi ba. Albashin jami'a dukiyar jama'a ce, kuma shiru ba shaidar zurfin tunani ba ne. Da yawa sun yi shiru ne don sun daina aiki. Shi kansa Zhang ya ɗora ne a kan aikin Goldston da Pintz da Yildirim na 2005, wanda da ba su wallafa ba da bai samu matakala ba.

Mu dai a ganinmu, wallafa wajibi ce, amma ƙirge kaɗai bai isa ma'auni ba. Kwamitin ƙarin girma ya nemi malami ya zaɓo ayyukansa biyu ko uku mafi nauyi, a miƙa wa masanan fannin na waje su karanta su yi hukunci. Wanda kuma ya tunkari babbar matsala, a ba shi wa'adi mai tsawo, muddin yana shiga aji yana kuma gabatar wa abokan aikinsa inda ya kwana.