Daga Lahodu Zuwa Birnin Shehu: Jin Daɗin Birni Ba Sai Da Bashi Ba

Duk shekara, da an kammala girbi, matasa daga Lahodu da sauran garuruwan Wurno, Rabah da Goronyo kan nufi Sakkwato neman na kansu. Wasu kuma ba da son ransu suka zo ba, 'yan bindiga ne suka raba su da gonakinsu.

Sai dai birnin ya yi tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu da na haya da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Ga kuma jarabar ganin tsara a TikTok da sabuwar shadda da babbar waya, har yaro ya ci bashi ko ya faɗa cacar ƙwallo.

Alhali abubuwan more rayuwa a Sakkwato ba duka ke cin kuɗi ba. Akwai ziyarar Hubbaren Shehu, da sauraron karatu a Masallacin Bello, da gidan tarihi na Waziri Junaidu, da hirar dare a teburin mai shayi. Masu dabara kan kama ɗaki guda su huɗu, su kawo shinkafa da albasa daga gida, su dafa tukunya ɗaya, su riƙa zubin adashe.

Amma tattali kaɗai bai isa ba. Wajibi ne gwamnatin jiha ta wadata birnin da motocin haya masu rahusa, hukumomin tsaro kuma su tsare hanyar Sakkwato zuwa Goronyo. Idan gona ta gagari mutanen Lahodu, guzurin ɗansu da ke birni ma ya yanke.