Kafin mu ce a ba kowa bindiga, mu duba makarantun Amurka

Duk lokacin da aka harbe yara a wata makaranta a Amurka, sai sharhi ya cika Facebook da X. Wannan ya ce wasannin kwamfuta ne, wancan ya ce taɓin hankali, wani ya ce tarbiyya ce ta lalace. To ai matasan Japan da Koriya ta Kudu ma suna buga waɗannan wasanni kamar ba gobe, kuma babu ƙasar da ba ta da masu ciwon damuwa. Me ya sa Amurka ce kullum a labarai?

Ni a ganina, amsar ita ce sauƙin samun bindiga. Wani ƙiyasi na Small Arms Survey a 2018 ya nuna cewa kowane mutum 100 a Amurka na da bindiga kusan 120. Wato bindigogi sun fi mutane yawa. A 2022, matashin da ya kashe ɗalibai 19 da malamai 2 a garin Uvalde na jihar Texas ya sayi bindigoginsa ne bisa doka, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 18. A wannan shekarun, ko giya doka ba ta yarda a sayar masa ba.

Birtaniya ta taɓa ɗanɗana wannan baƙin ciki. A 1996 wani mutum ya kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane. Shekara guda bayan haka aka haramta wa farar hula riƙe ƙananan bindigogi, kuma har yau ba a sake irin wannan kisa a makarantar ƙasar ba. A Amurka kuwa, bayan kashe yara 20 a Sandy Hook a 2012, ƙudurin tsaurara binciken masu sayen bindiga ya faɗi a majalisar dattawa. Kundin tsarin mulkinsu ya ba da 'yancin riƙe makami, ƙungiyar NRA kuma tana kare shi da kuɗi da ƙuri'a.

Abin ya shafe mu. A 2022 gwamnatin Zamfara ta nemi jama'a su mallaki bindiga saboda 'yan bindiga, kuma da yawa cikinmu mun tafa. Fushin da ya jawo hakan gaskiya ne, ba mai musu. Amma bindigar da aka ajiye don ɗan fashi tana kwana a gida ɗaya da yaron da aka zaga a aji jiya. Kafin ka tura saƙon "a ba kowa bindiga", ka tuna ƙaninka da ke zuwa makaranta gobe da safe.