Idon Aro

A hutun da ya wuce, tsakiyar hunturu, aka yi bikin 'yar ƙanwar babata a Rogo. Mu ƙawayen amarya mu takwas ne, kuma tun muna makaranta aka gama shawara a WhatsApp: anko kalar zuma, ido ma kalar zuma. Wata daga cikinmu ta san mai sayar da lens ɗin nan da ake maƙalawa a ƙwayar ido. Ni kaɗai ce mai tabarau a cikinsu, tun ina aji biyu a sakandare nake sawa, don haka na tura wa matar hoton takardar tabarau ɗina. Ta ce ba matsala, akwai mai lamba. Iyakar abin da ta tambaye ni ke nan, kala da lamba.

Tun a mota, tsakanin Ƙaraye da Rogo, na san da wata a ƙasa. Idon hagu kamar an jefa masa tsakuwa. In na ƙifta sai gari ya washe, kafin in ƙirga uku ya koma dishi-dishi. Na kira ta, ta ce, "Haba ƙawata, rashin sabo ne, ki daure zuwa gobe." Na daure. Da dare aka gano ruwan jiƙa lens ɗin yana Kano cikin wata jaka, sai wasu suka tsoma nasu cikin ruwan leda a murfin kwalba, ni kuwa na ce bari in kwana da nawa. Da asuba ido ya yi jawur, ya cika da kwantsa, ko hasken fitilar waya ba na iya kallo. Goggo ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, idon da Allah Ya ba ki me ya yi miki?" Ta kawo shawarar a ɗiga nonon mai shayarwa, wani ya ce a je kemis a karɓo maganin apolo. Yayana ne ya ce a'a, ya sa ni a mota muka koma Kano. A asibiti aka ɗiga mini wani ruwa rawaya, aka haska shuɗiyar fitila, sai ga ƙarzuwa a fatar nan mai sheƙi da ke rufe baƙin ido. Mako guda na yi ina ɗiga magani. Ban ga kai amarya ba.

Ban rubuta wannan don in ce kowa ya jefar da lens ba. Abu ne mai amfani, kuma ba jiya aka fara shi ba. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Cek, Otto Wichterle, shi ya ƙera mai laushin a 1961, kuma tun 1971 ake sayar da shi a Amurka. Mai lamba babba, wanda gilashinsa ya yi kaurin gindin kwalba, ko ɗan ƙwallo, ya san daɗinsa. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muka mayar da shi kayan kwalliya, sa'an jambaki da gazal, har muna aron juna a hostel kamar ɗankwali.

Bayan na warke na zauna da mai auna ido, na yi ta yi masa tambaya har na ji kunya. A jikin kwalin lens akwai lambobi uku, mu ɗaya kawai muke dubawa, wato ƙarfin gani. Sauran biyun, BC da DIA, su ne lanƙwasarsa da faɗinsa. Sau da yawa za ki ga BC 8.6, DIA 14.2. Amma idon mutane ba ɗaya ba ne, kamar yadda ƙafa ba ɗaya ba ce. In lens ya yi wa idonki sako-sako, yawo zai riƙa yi duk ƙiftawa, gani ya zo ya tafi. In ya matse, sai ya kama ido ƙam, hawaye ba ya zagayawa ta ƙarƙashinsa. Wannan ma ya fi haɗari, don da farko daɗi za ki ji. Ita fatar gaban idon ba ta da jijiyar jini, daga iska take samun abin da take rayuwa da shi, shi ya sa kwana da lens yake ninka haɗarin ciwo sau shida zuwa takwas, kamar yadda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana. Takalmi ma ba ma saye sai mun gwada. Ido kuwa sai mu tura hoto.

Ni tawa matsalar ta wuce nan. Ashe gaban idona ba zagayayye ba ne kamar ƙwallo, ya fi kama da ƙwai, abin da likitoci ke kira astigmatizim. Yana nan rubuce a takardar da na tura, a layin da aka sa CYL, amma matar ba ta san amfaninsa ba, ni ma ban sani ba. Irin wannan ido lens na musamman yake so, wanda dole ya zauna a kusurwa ɗaya, in ya ɗan juya rubutu ya rabu biyu. Da zan shekara ina daurewa, ba sabon da zai gyara shi. Haka kuma lambar tabarau ba lallai ta zama lambar lens ba, musamman in ta haura huɗu, saboda shi tabarau yana da tazara da ido, shi kuwa lens a kansa yake zaune.

Akwai ƙananan dalilai da mutum zai iya ganowa da kansa. Wataƙila kin musanya na dama da na hagu. Wataƙila a baibai kika sa: ki ɗora shi a kan yatsa, in ya tsaya kamar ƙoƙo daidai ne, in bakinsa ya baje kamar faifai ya juye. Wataƙila ɓurɓushin kwalli ne ya shige ƙarƙashi. Su kuma masu kala, fenti ne aka zagaya aka bar rami a tsakiya, ramin ba ya ƙaruwa, alhali tsakiyar idonki buɗewa take yi a duhu. Shi ya sa da an ɗauke wuta sai ki ga kamar kina leƙe ta labule.

Sai kuma inda muke zaune. Waɗanda suka rubuta takardar da ke cikin kwalin ba su san ƙurar hanyar Rogo a watan Janairu ba, ba su san hayaƙin icce a gidan biki ba. Iskar hunturu da ke tsaga mana leɓe ita ce ke busar da lens. Ƙara da zaman gaban kwamfuta lokacin rubuta furojet, inda mutum ke rage ƙiftawa bai sani ba. Babban abin tsoro dai ruwa ne. Akwai wata ƙwayar halitta, Acanthamoeba, da ke rayuwa cikin ruwa da ƙasa. In ta maƙale tsakanin lens da ido tana iya cin fatar idon, maganinta watanni yake ɗauka, wani lokaci ta bar hakiya. Ruwan rijiya, na famfo, na leda, babu wanda ya dace ya taɓa lens, balle yawu, don wallahi na ga mai lasa ta mayar. Mu kuwa sau biyar muke wanke fuska a rana da ruwan buta. Ba maganar hukunci nake yi ba, wannan na malamai ne, maganar fantsamar ruwa nake. Wadda ta sayar mana ba ta ce uffan a kan wannan ba.

Na san abin da za a ce mini: kuɗi. Ganin mai auna ido da sayen lens na ƙwarai ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, na intanet kuwa da kuɗin abincin kwana biyu an samu. Gaskiya ne. Amma ku tambayi yayana nawa ya kashe tsakanin mai, kati da magani. Kuma ni a cikin masu sa'a nake, don akwai ƙwayar cutar da kwana biyu ya ishe ta ta lalata gaban ido. A birni akwai asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari tun 1943, ga na Makka, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Wadda abin ya same ta a Zarewa ko Fulatan da daddare fa? Kemis za ta fara zuwa, kuma wasu magungunan ɗigawa da ke kwantar da jan ido nan take, masu sitiroyid, su ne ke rura gyambon. In babu halin a auna, to tabarau ya isa. Garin neman gira ne ake rasa ido.

A Amurka tun 2005 doka ta sa ko lens na ado da ba shi da lamba a sahun kayan asibiti, ba a sayarwa sai da takardar likita. Mu ma muna da hukumar rajistar masu auna ido da masu haɗa tabarau tun 1989, sai dai ba ta zama a ɗakin mai kwalliyar amare.

'Yan'uwana maza, kar ku karanta kuna dariya. Da yawa cikin masu gudun tabarau, "mai ido huɗu" da "Malama Farfesa" ɗinku ne ya kore su. Na kuma san biyu a ajinmu da ke zama a layin gaba suna ƙanƙance ido don kar a gan su da gilashi.

Ga shugabannin ƙungiyarmu, musamman mai kula da walwala: a makon ɗalibai muna samun kuɗin kanofi da kiɗa. A ware yini ɗaya a gayyato masu auna ido, ai Jami'ar Bayero na da sashen a nan kusa. A auna kowa, a nuna wa masu sa lens yadda ake wanke hannu a tsane shi, yadda ake zubar da ruwan jiya maimakon a ƙara sabo a kai, a sauya mazubin duk wata uku, a kuma gaya musu na wata ɗaya daga ranar buɗewa ake ƙirgawa, ba yawan sawa ba. Mai jin zafi, ko jan ido, ko gudun haske, ta cire nan take, ta tafi asibiti da lens ɗin a mazubinsa.

Bayan Sallah akwai wani bikin a Rogo, har an fitar da anko. Wannan karon toka-toka aka zaɓa, ido da kaya. Na biya kuɗin atamfa, na ce a cire sunana daga ɗaya lissafin. Amarya ta kira ta ce tabarau zai ɓata mata hoto, na ce to a sa ni a gefe.